Babi na 6: Baƙo da Jakar Kuɗi

Kakana na wajen uwa manomi ne a wani ƙauye kudu da Gazawa, inda in ka ɗaura wa jaki kaya bayan sallar asuba, kafin la'asar ka taka ƙasar Katsina. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa sa ƙafa cikin banki ba, amma bashi kam ya san shi ciki da bai. Yakan ce mana a zamaninsu kuɗin gujiya sau biyu suke shigowa gari. Zuwan farko da bazara ne, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mata sun koma auna hatsi da ƙoƙo, gardi kuma bai daina zagayen ragowar lanho ba. Sai wani mutum ya iso da jakar fata a kafaɗa, ya sauka gidan mai gari, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya kwance bakin jaka, ya zazzage, ya jera kuɗi kashi-kashi. Magidanta su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya durƙusa.

"Malam, nawa za ka iya?"

"Dala 20, Alhaji, in Allah ya ba mu damina."

"Allah ya ba mu. Mai gari, ka ji. Liman, ka ji."

An gama ke nan. Ba takarda, ba dangwala yatsa. Zuwa na biyu da kaka ne, an kafa sikeli ƙarƙashin inuwa, a auna gujiyarka, a cire bashin bazara bisa farashin da aka yanka tun iri bai shiga ƙasa ba, abin da ya yi saura a danƙa maka.

Kuɗin da ke cikin jakar nan ba na mai jakar ba ne. Shi ma yaron wani ne, ubangidansa kuma yaron wani. Igiya ce doguwa. In ka bi ta yamma, ta kai ka Maraɗi, ƙofar kantunan Faransawa da na Kwarori. In ka bi ta kudu, ka ƙetare iyaka, ta kai ka Kano, wajen wasu 'yan tsirarun attajirai. Babbansu a zamanin mulkin Turawa dai shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata na unguwar Sarari. A kansa wannan babin zai tsaya, domin in ana neman mutumin da ya yi wa manoman ƙasar Hausa aikin banki a zamanin Nasara, kuma kuɗinsa suka kai shi har majalisar sarki, to shi ne.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kakannin Alhassan sun daɗe suna baƙunta kafin su yi saiwa. Shi Ba'agale ne. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya bi diddigin fataken goro, ya nuna cewa Agalawa da 'yan uwansu Tokarawa tushensu daga arewa yake, cikin mutanen da ke ƙarƙashin Abzinawa, waɗanda suka gangaro kudu suka zauna a ƙasar Katsina, suka saki yarensu suka kama Hausa, daga baya da yawansu suka zarce ƙasar Kano. Duk wanda ya san hanyar Abzin zuwa Katsina ya san ta cikin wannan sararin namu na Damagaram da Tasawa da Maraɗi take ratsawa. Baƙon da ya sauka ƙasar da ba shi da sarauta a cikinta, ba shi da gadon fadama, abu biyu suka rage masa, jaki da amana. Da su Agalawa suka kafa fataucin goro. Suna aure a junansu, suna ba juna jari, kuma wanda ya ci amanar ɗan uwansa a Gwanja, labarinsa kan riga shi isowa gida. Wani kakan Alhassan da ake kira Baba Talatin ya taso daga Katsina ya zauna Madobi. Mahaifin Alhassan, Abdullahi, madugu ne, ya zauna Bebeji, a nan aka haifi Alhassan a 1877.

Bai fi shekara 8 ba mahaifin ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai ƙarfi, ta tafi Akara ta zauna, ta bar yaran hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Sunan wannan tsohuwa ne ya bi yaron, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa, har yau shi ke rubuce a jikin motoci da gine-gine. Nakan tsaya a kan wannan in yi tunani: gidan da ya fi kowane gida dukiya a Kano, sunan baiwar da ta yi raino yake amsawa. Yaron ya yi karatun allo, ya yi abin da almajirai ke yi don su ci, ya koyi tara wuri ɗaya-ɗaya. Yana matashi ya bi ayari zuwa wajen mahaifiyarsa, ya ga hanya, ya dawo.

Sai basasar Kano ta auku. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi, aka yi ta yaƙi har jagoransu Alu ya shiga birni a 1894. Agalawan Bebeji sun kasance a ɓangaren da aka ci, aka washe dukiyarsu, aka kama mutane, cikinsu har da Alhassan da 'yan uwansa. Fansar kansa ya yi. Mutumin da aka taɓa yi wa kuɗi, ya biya, ya fita, ba sai an koya masa darajar kuɗi ba, ba kuma sai an gaya masa abin da rigimar sarauta ke yi wa ɗan kasuwa ba. Ina ganin wannan darasi ya bi shi har tsufa.

Makarantarsa ta gaske zango ce. Fatake kan yi watanni daga Kano zuwa Salaga da kasuwannin Gwanja, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su dawo da huhunan goro. Bayan da Ingilishi suka karya Asante, cinikin ya koma Kumasi da bakin teku. A kowane gari akwai zango, a kowane zango akwai mai gida. Ka sauka gidansa, ya ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in za ka sayar bashi, in mai saye ya gudu shi ke biya. Kuɗinka ma wajensa kake barinsu ajiya in za ka shiga daji sayen goro, ya juya su kafin ka dawo, ya ba wani jari da su. Za ka iya ba da kuɗi a Kumasi, ɗan uwanka ya karɓa a Kano, da wasiƙar ajami ƙwaya ɗaya. Masani Abner Cohen ya tarar da wannan tsari da ransa a unguwar Sabo ta Ibadan cikin shekarun 1960, ya kuma lura cewa masu gidajen nan su ne masu faɗa a ji a siyasar unguwa, daga cikinsu ake samun sarkin Hausawa da fadawansa. Ajiya, rance, tsayawa, aika kuɗi nesa: ayyukan banki ke nan gaba ɗayansu. Hausawa na yin su tun kafin a kafa allon banki ko ɗaya tsakanin Kwara da Abzin.

Abin da ya bambanta Alhassan da tsaransa shi ne saurin ganin hanya ta canza. Sa'ad da wasu ke nan kan jakuna, shi ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko. Ya haɗa da duwatsun wuya da yadin Turai. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma garinsu Bebeji ne suka fara fasa wa ƙofa da igwa a kan hanya. Shekara 9 bayan haka, da jirgin ƙasa ya fara aiki sosai zuwa Kano a 1912, Alhassan ya tattaro ya shigo birni ya zauna. A idon tsofaffin gidajen kasuwar Kurmi, ɗan ƙauye ne ya zo.

Ingilishi sun shimfiɗa dogon nan ne da kwaɗayin auduga, don masaƙun Lankasha. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Auduga tana da masu saye a gida, masaƙa da marina suna biya fiye da Bature. Gyaɗa kuwa, wadda mu a nan muke kira gujiya, tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero, in shekara ta ɓaci a ci ta, harawarta kuma dabbobi su ci. A daidai lokacin masana'antun Turai sun gano yadda ake daskarar da man tsirrai ya zama abin shafa wa burodi, suna neman mai ido rufe. Kamfanonin da suka biyo jirgi ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa, ba wanda zai amince musu. Fataken goro ne suka san kowane mai gari da kowace kasuwa. Aka ba su kuɗi, suka bazu da yaransu, da gishiri da yadi na kyauta, da maroƙa masu shela. Gyaɗar da Najeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Yunwar Kakalaba ta katse abin a 1914, ta kashe mutane daga Kano har Damagaram, amma da aka farfaɗo gyaɗa ta ci gaba da hawa.

Sunayen da suka yi fice a wannan ciniki sanannu ne a Kano: Umaru Sharubutu, Maikano Agogo, Adamu Jakada, da Alhassan Ɗantata. Ya zama mai saye wa kamfanin Neja wajen 1918, zamanin Sarki Abbas, kafin tsakiyar shekarun 1920 kuma ya wuce su duka. Da aka haɗe kamfanoni aka kafa UAC a 1929, shi ne babban mai kawo mata gyaɗa. Yadda abin ke tafiya shi ne, kamfani ya ba shi kuɗi da kaya a farkon lokaci, shi ya ƙara da nasa, ya raba wa manyan yaransa, su raba wa ƙanana, har jaka ta isa zauren mai gari. Kowane mataki akwai la'ada, kowane mataki akwai wanda ya tsaya wa wani. Yaron da ya dawo da lissafi daidai, baɗi a ƙara masa. Wanda ya yi shekaru yana dawowa daidai, a yi masa aure, a ba shi jarin kansa, wata rana a kai shi Makka. Wanda ya karye don ƙaddara, a ɗaga masa. Wanda ya ci, a rufe masa ƙofa, kuma duk Kano ta ji. Littafin ajiyar wannan banki rabinsa a takarda yake da ajami, rabinsa a kan mutane. Jingina kuwa ita ce sunan ubanka da unguwarku.

Akwai wani baƙon a garin, mai allo a ƙofa. Bankin Ingila na Afirka ta Yamma, BBWA, wanda shi ne First Bank na yau, an kafa shi a 1894 da ƙarfin Alfred Jones mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, ya biyo dogo zuwa arewa. Barclays ma ya zo daga baya. Manajan banki Bature ne, yana zaune bayan ganuwa a unguwar Turawa, ya yi 'yan shekarunsa a canza shi. Shi ne raɓa ta gaske. Aikinsa ya riƙe kuɗin gwamnati da na baitulmali, ya kawo sulalla lokacin kaka don kamfanoni su sayi gyaɗa, ya kwashe su in sun dawo ta hanyar haraji. Ajiyar baƙar fata yana karɓa hannu biyu. Rance kuwa sai dai kamfanin Turawa, sai wasu Kwarori. Hujjarsa ita ce ba jingina, kuma dokar ƙasa ta 1910 ta mayar da filayen arewa ƙarƙashin ikon gwamna, ta yadda gona ko gidan cikin birni ba abin da banki zai riƙe ya sayar ba ne. Rarar da ya tara a nan, London take tafiya. Wannan ƙunci ne ya sa 'yan kudu suka yi ta kafa bankunansu, National Bank a 1933, African Continental na Azikiwe a ƙarshen shekarun 1940, wasu da yawa kuma suka karye da kuɗin mutane har aka yi dokar banki a 1952. Arewa ba ta sami nata ba sai dab da 'yanci, da aka kafa Bankin Arewa a Kano. Kuma wannan baƙo mai allo tun farko yana da kujera a mulki: a majalisar dokoki ta Ikko da aka tsara a 1922, an keɓe wa harkar banki wakili, an keɓe wa ƙungiyar 'yan kasuwar Turawa ta Kano wakili, alhali manomin da gyaɗarsa ke ciyar da su duka ba shi da ko ɗaya.

A 1929 baƙin nan biyu suka yi haɗuwar da har yau ake ba da labarinta a Kano. Alhassan ya kai ajiya BBWA, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Duk wanda ya taɓa zama ƙirga sulalla jaka guda ya san abin da wannan ke nufi ga akawun da ke bayan kanta. Tun 1920 hukumar kuɗi ta daina buga sulen azurfa ta koma na gaurayen ƙarfe, mutane suka riƙa ɓoye na azurfar a tukwane da ƙarƙashin daɓe, don haka abin da raƙuman nan suka ɗauko tarin shekaru ne. Sharaɗinsa ɗaya: kada a ɗora masa ruwa. Mutum ne da ya riga ya yi aikin hajji, yana tsoron riba irin wadda Alƙur'ani ya hana. Banki ya sami dukiya mai yawa da zai juya ba tare da ya biya ko anini ba. Shi kuma Alhassan ya sami ɗaki mai ƙarfe da ɓarawo da gobara ba sa shiga, da hanyar biyan kamfani a Ikko ko Ingila da takarda. Abin da bai samu ba, bai kuma nema ba, shi ne banki ya ɗauke masa aikin ba talaka jari. Wannan ya ci gaba da fita daga zaurensa.

A ɓangarenmu na Faransa labarin bai canza ba sai sunaye. Iyakar da aka ja a takarda a 1906, ayarin Tilho ya kafa mata alamu zuwa 1908, ta raba Katsinawan Maraɗi da na Birni, ta raba Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni, amma ba ta raba kasuwa ba. Bankin da Faransa ta kafa wa yankin a 1901, BAO, hedkwatarsa a Paris take, hankalinsa na kan Dakar da tashoshin teku. Manomin Gidan Rumji ko na Agye bai san da zamansa ba. Abin da ya sani shi ne kantunan CFAO da SCOA da CNF a Maraɗi, da Kwarori, da rumbun tsimi na dole, da irin gujiyar da hukuma ke rantawa a biya da ƙari. Kumandan ne ke buɗe lokacin saye ya rufe shi, a kasuwannin da aka ƙayyade irin su Cadawa da Gazawa. Gujiyar da aka saya a nan ma, shekara da shekaru ta Kano take bi ta hau jirgi zuwa Ikko, sai cikin shekarun 1950 Faransa ta ƙirƙiro hanyar Paraku da Kwatano don ta rage dogaro da dogon Ingilishi. Manomin bakin iyaka kuwa kunnensa biyu, ɗaya na sauraron tamma, ɗaya na sauraron sule. Inda farashi ya fi, can jakinsa ke kwana. Yaran da suka yi wa kantunan Maraɗi sayen gujiya su ne suka girma suka zama alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu, kuma tsarin ubangida da bara da suka tashi a ciki shi ne na Kano, ba bambanci.

Ba na son in wuce nan ban faɗi abin da ke raina ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kuɗin bazara sun ceci gidaje da yawa daga sayar da akuya ta ƙarshe ko tafiya cin rani ba shiri. Kakana bai taɓa zagin mai jaka ba. Amma ya gaya mana shekarar da gujiya ta yi kyau, farashi ya tashi a kasuwa, shi kuwa ya tsaya yana kallo ana auna tasa a kan kuɗin da aka yanka tun bazara, ya koma gida da abin da bai isa ɗinka wa iyali tufafin salla ba. Ruwan da attajiri ya ƙi karɓa a banki don tsoron Allah, wani abu mai kama da shi yana ɓoye cikin tazarar farashin bazara da na kaka, kuma manomi ne ke biya. Da kasuwar duniya ta faɗi bayan 1929, farashin gyaɗa ya zube fiye da rabi, haraji bai sauka daidai da shi ba, sai mutane suka ƙara faɗin gonar gyaɗa don su biya, gero ya ragu. Kason da ya fi tsoka bai tsaya a Sarari ba ma, ya wuce Liverpool da Marseille. Bayan yaƙin duniya na biyu hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a 1949 ta riƙa yanka farashi ƙasa da na duniya tana tara rarar. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, buhu wajen 15,000 a kowace, ta taru ne saboda jirgi ya kasa kwashewa, kuma kowane buhu a cikinta akwai gumin manomi wanda ba a biya shi cikakke ba.

Mai irin wannan dukiya ba ya iya zama nesa da fada ko da ya so. Alhassan ya san abin da ya sami Agalawa a basasa, bai yi jayayya da sarauta ba. Ya zauna lafiya da Abbas, da Usman, da Abdullahi Bayero wanda ya hau a 1926. Majalisar sarki a lokacin ta masu rawani ce, Waziri da Madaki da Galadima da sauransu, ɗan kasuwa komai arzikinsa sai dai ya zo gaisuwa ya faɗi ya tashi. Shekarar 1950 ce ta girgiza wannan. A watan Agusta samarin Kano suka kafa NEPU suna kiran sunan talaka a fili, a cikin watan kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Turawa da sarakuna suka ga dole a buɗe ƙofa ko kaɗan. A wannan yanayi aka shigar da Alhassan Ɗantata majalisar Sarkin Kano, mutumin da ba ɗan sarauta ba, da sunan muryar 'yan kasuwa da talakawa. Yaron da aka kama a Bebeji don rigimar gidan Dabo, gidan sarautar Kano, ga shi yana zaune ana shawara da shi a gidan Dabo.

Zaɓen nasa hikima ce ta masu mulki. Sun ɗauko talaka wanda ba wanda zai ce bai isa ba, wanda kuma ba shi da wata riba a rushewar tsarin. Dubban mutane na cin abinci ta hannunsa, kalmarsa tana isa ƙauyen da dogari ba ya isa. Ya tsaya tare da jam'iyyar NPC. Inda ya sa ƙarfinsa a fili shi ne neman a sakar wa ɗan ƙasa hanyar ciniki: yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin 'yan ƙasa na Kano da ya yi masaƙar zamani, kuma a farkon shekarun 1950 ya karɓi lasisin saye wa hukumar gyaɗa kai tsaye, ya fita daga inuwar UAC bayan fiye da shekara 30 yana yi wa Turawa saye. Ga ɗan kasuwa wannan babbar nasara ce. Ga manomin da ke durƙushe a zaure, farashin bazara bai motsa ba. A Nijar ma haka aka yi bayan 'yanci: alhazan da suka riƙe jam'iyyar RDA su ne ƙofar bankin BDRN da aka kafa a 1961 ta fi buɗe wa, su ne kuma suka zama masu saye wa kamfanin gujiya na SONARA, yayin da ƙauyukan Tasawa da Gazawa, inda Sawaba ta Djibo Bakari ta yi ƙarfi, suka ci gaba da jiran mai jaka.

Siyasar ta shiga har cikin gidansa. Ɗansa Ahmadu ya yi majalisar Kaduna a NPC, Mamuda ya karkata ga NEPU. Mamudan ne ya kafa kamfanin jigilar alhazai wanda taƙaitaccen sunansa, Wapa, ya zama sunan wuri a Fagge. Yau in ɗan Maraɗi ya shiga Kano da sefa a aljihu, Wapa yake nufa wajen 'yan canji, inda har yanzu miliyoyi ke wucewa daga hannu zuwa hannu a kan magana. Sanusi ya gaji cinikin gyaɗa da motoci, ta wajen 'yarsa Mariya kuma aka sami Aliko Ɗangote. Aminu, wanda ya rasu a 2025, ya yi majalisa ya yi kwamishina a Kano, kuma yana cikin waɗanda suka sa dukiya a Jaiz, bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, da ya buɗe a 2012, shekara 83 bayan mahaifinsa ya gindaya wa manajan BBWA sharaɗinsa.

Waɗanda suka san Alhassan sun ce bai yarda da almubazzaranci ba, yana cin abinci tare da yaransa, yana duba lissafi da kansa har tsufa. Da ciwo ya kwantar da shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su raba kasuwancin, su riƙe shi tare, su riƙe zumunci. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, aka binne shi a gidansa na Sarari. Tsakiyar damina ce. Daga Bebeji har bakin iyaka gyaɗa ta rufe ƙasa, ta yi fure ta soke, kuɗin da aka raba da bazara suna cikin jigawa ba su nuna ba tukuna. Da kaka ta yi aka kafa sikeli a inda aka saba kafawa, yaran gidan suka fita da buhuna, manoma suka kawo.